Gefen takarda kafin tsakiya: hira kan karatun taswira

Auta: Assalamu alaikum masu saurare, barkanku da war haka. Daga Maraɗi muke zuwa maku. Yau abu uku ne a kan tebur: taswirar ƙasa mai ma'aunin 1/200,000, takardar rabon filaye ta wata unguwa, da wayar hannu. Baba Malam, ina wuni? Yaya Malama, barka da zuwa.

Malam: Lafiya lau, Auta. Kafin mu fara, ɗora tafin hannunka a tsakiyar taswirar nan, ka rufe ta. Yauwa. Abin da ya rage a buɗe shi ake fara karantawa.

Malama: Gefen takarda ke nan. Duk wanda aka miƙa ma taswira, idonsa tsakiya yake faɗawa, yana neman sunan garinsu. Alhali a gefe aka rubuta sunan taswirar, shekarar da aka yi ta, ma'auninta, inda arewa take, da mabuɗin alamomi. Wanda ya tsallake waɗannan zai ga layuka da launuka, amma bai san nawa ne tsawon layi ba, bai kuma san ko abin da aka zana yana nan har yanzu ba.

Auta: To mu fara da ma'auni, wanda a lakwal ake ce ma eshel.

Malam: Shi ne ƙashin bayan abin. In an rubuta 1/200,000, ana nufin santimita ɗaya a takarda santimita 200,000 ce a ƙasa. Ka cire sifiri biyu, ka samu mita 2,000, wato kilomita 2. A taswira mai 1/50,000, santimita ɗaya mita 500 ce. A takardar rabon filaye mai 1/2,000, santimita ɗaya mita 20 ce, don haka fili mai 20 bisa 20 ɗan murabba'i ne kamar farcen babban yatsa.

Malama: A lura, in lambar da ke bayan 1/ ta yi girma, abubuwa ƙanƙancewa suke yi. Gona mai hekta ɗaya, mita 100 bisa 100, a 1/50,000 milimita 2 ce kacal kowane gefe. A 1/200,000 rabin milimita ce, kaurin bakin fensir. Saboda haka ba a raba gardamar iyakar gona da irin wannan taswira, ba don haka aka yi ta ba. Takarda guda mai 1/200,000 tana ɗaukar digiri ɗaya bisa digiri ɗaya, kusan kilomita 110 kowane gefe. Ta tafiya ce, da sanin inda gari yake daga gari.

Malam: Ga kuma inda ake yawan cutuwa, kuma abin yana ci mini rai, don shi ke haɗa maƙwabta faɗa. Mutum ya kai takardar filinsa wurin fotokwafi, babba ce, A3, aka rage masa ita ta koma A4. Injin ya maida komai kashi 71 cikin 100. Rubutun 1/2,000 yana nan daram, bai canza ba. Ya aza rula, gefen da ya kamata ya ba shi santimita ɗaya ya ba shi milimita 7. Ya lissafa, ya samu mita 14. Filin da yake murabba'in mita 400 ya koma kusan 200 a idonsa, sai ya ce an cinye masa rabi.

Auta: Maganinsa fa?

Malam: Sandar awo, wannan ɗan layi mai gaɓa-gaɓa da ke ƙasan takarda, an rubuta 0, 20, 40, 100. Ita tana raguwa tare da zanen, tana ƙaruwa tare da shi. Ka ɗauki tsinke ko gefen wata takarda, ka yi alama a kan tsawon da kake so, ka kai kan sandar ka karanta. In takarda ba ta da sandar awo kuma ba ka tabbata asali ce ba, ka dogara da lambobin da aka rubuta a jikin kowane gefe na filin, ka bar rula.

Auta: Hoton da ake turowa ta WhatsApp ya fi wannan muni. In an ɗauke shi a karkace, gefen da ke kusa da waya ya fi na nesa girma, ko sandar awon ba ta ceto.

Malama: Hanya mai lanƙwasa kuma da zare ake auna ta. Ka kwantar da zaren yana bin kowace kwana, ka miƙe shi a kan sandar awo. Wanda ya auna a miƙe daga Maraɗi zuwa Dakwaro ya sayi mai a kan wannan lissafi, man zai gaza masa.

Auta: Sai arewa. Yaya Malama, mu dai da gabas muke kwatance.

Malama: Haka ne, kuma abu ne mai kyau, don Bahaushe ya san kusurwoyinsa tun yana yaro. Ka fuskanci gabas, hagunka arewa, damanka kudu, bayanka yamma. Ita taswira yawanci arewa take sawa a sama. Al'ada ce kawai ta masu zane. Al-Idrisi, da ya zana taswirar duniya a 1154, kudu ya sa a sama. Har yau takardun rabon filaye da yawa ana juya su don su shiga takarda, shi ya sa ake neman kibiyar arewa, ba a ɗauka cewa sama ita ce arewa.

Malam: Amma gabas ɗin ma kashi uku ce a bakin mutane, ya kamata a rarrabe. Akwai gabas ta taswira, digiri 90 daga arewa. Akwai inda rana take fitowa, shi kuma yawo yake yi: a nan Maraɗi, ƙarshen watan Yuni rana tana ɓullowa wajen digiri 24 arewa da gabas, ƙarshen Disamba digiri 24 kudu da ita. Sai wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba take fitowa daidai. Ta uku alƙibla, wadda muke ce ma gabas in za mu yi salla. Daga Maraɗi tana wajen digiri 71 daga arewa, wato ta karkata arewa da kusan digiri 19. Wanda ya daidaita taswira da bangon masallaci yana zaton gabas ce tsantsa, in ya yi tafiyar kilomita 3 zai kauce da kusan kilomita ɗaya.

Auta: To yaya ake daidaita ta yadda ya kamata?

Malam: Ka shimfiɗa ta a kwance. Ka aza kamfas, wanda wasu ke ce ma busol, a kan layin gefen taswira. Ka riƙa juya takardar da kamfas ɗin tare har allura ta kwanta kan layin arewa. Ka yi nesa da mota, babur, ƙofar ƙarfe da wayar lantarki, don ƙarfe yana jan allura. Bambancin arewar allura da arewa ta gaskiya ƙanƙane ne a yankinmu a yanzu, amma yana canzawa da shekaru, kada a ɗauki wanda aka rubuta a tsohuwar taswira a yi aiki da shi yau. In babu kamfas, ka nemi abu biyu da kake gani da ido kuma suna cikin taswira, kamar kwalta da tankin ruwa, ka juya takarda har su zo daidai.

Malama: Da dare kuma tauraron arewa yana nan ƙasa-ƙasa, digiri 13 da rabi sama da inda sama ta haɗu da ƙasa. In ka miƙa hannu, dunƙule ɗaya da ɗan ƙari.

Auta: Mabuɗin alamomi ba ya buƙatar dogon bayani. Shuɗi ruwa, kore itatuwa da daji, ja manyan hanyoyi, baƙi gine-gine da sunaye.

Malama: Ban da abu ɗaya. Shuɗi iri biyu ne. Layi cikakke ruwa ne mai gudu duk shekara, layi mai tsinke-tsinke na damina ne. Gulbin Maraɗi na biyun ne. Ya taso daga ƙasar Katsina, ya shigo ta wajen Madarumfa, ya bi ta yammacin birni, ya wuce Tsibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya faɗa Rima. A watan Maris ka taka yashinsa da ƙafa, a watan Agusta ya hana ka ƙetarewa. Zanen bai canza ba, wata ne ya canza, kuma mai karatu ne zai sa wannan a lissafi.

Malam: Daga nan sai layukan tudu, masu launin ƙasa. Kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya ne daga teku. A gefen takarda an rubuta tazarar da ke tsakaninsu. In an ce mita 40, to tudun da bai kai haka ba zai iya ɓacewa gaba ɗaya, ƙasarmu kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, sai a ga takarda fayau alhali akwai jigawa da kwari. Inda layuka suka matsu, gangare ne mai tsanani. Inda suka yi kaifi kamar bakin kibiya, kwazazzabo ne ko ƙorama, kuma bakin kibiyar yana nuna inda ruwa ke fitowa, wajen tudu ke nan. Duk mai shirin sayen fili ya nemi wannan alamar. In filin yana cikin bakin kibiya, hanyar ruwa ce, ko da ranar da aka kai shi gani ƙura ke tashi.

Malama: Garin nan kansa shaida ne. Tsohon Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake. Ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka hau da gari kan tudu, aka yanka tituna a miƙe. Wanda ya iya layukan tudu zai ga dalilin ƙaurar a takarda ba tare da an ba shi labari ba.

Auta: Shekarar taswira fa, Baba?

Malam: Yawancin taswirorin 1/200,000 na Nijar daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da 1960 aka zana su. Tudu da kwari suna nan yadda suke. Amma daji ya zama gona, burtali ya ƙuntace, ƙauye ya zama gari, unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Tsoho ba za ka same su yadda suke yau ba. Ka yarda da tsohuwar taswira a kan siffar ƙasa, ka tuhume ta a kan aikin ɗan Adam. Wanda ke son sabuwa ta hukuma, cibiyar taswira ta ƙasa, IGNN, a Yamai take.

Malama: Sunaye kuma da rubutun Faransanci suke. Tessaoua ita ce Tasawa, Guidan Roumdji Gidan Rumji, Goulbi gulbi. Inda ka ga ou ka karanta u ko w, dj ka karanta j, tch ka karanta c. Damagaram kuwa Zinder za ka nema. Ƙauyuka masu suna Sabon Gari ko Gidan wane ba su ƙirguwa, shi ya sa suna kaɗai ba ya isa.

Auta: Nan lambobin wuri suke shigowa, waɗanda waya ke bayarwa. Maraɗi tana wajen digiri 13 da minti 30 arewa, digiri 7 da minti 6 gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne, minti ɗaya kusan mita 1,850, daƙiƙa ɗaya kusan mita 31. Kuskure biyu ake yi. Na farko, minti 60 ne a digiri, ba 100 ba. Digiri 13 da minti 30 a waya 13.5 ake rubutawa. Wanda ya rubuta 13.30 ya sauka kudu da kilomita 22, ya tsinci kansa wajen Madarumfa. Na biyu, juya lambobin. Ta arewa ake fara sawa, sannan ta gabas. In ka sa 7.1 a gaba, 13.5 a baya, waya za ta kai ka kusa da Ngawundare a Kamaru.

Malam: Masu awon fili kuma da mita suke aiki, tsarin da ake kira UTM. Maraɗi tana yanki na 32, wanda ya kama daga digiri 6 zuwa 12 gabas. Za ka ga lamba mai wajen 294,000 da wata mai wajen 1,493,000. In an ba ka irin waɗannan, ka tambayi yankin, ka kuma tambayi tushen awon. Waya da WGS 84 take aiki, tsofaffin taswirori da wani tushe dabam aka yi su, kuma wuri ɗaya zai iya gocewa da mita ɗari ko fiye tsakanin biyun.

Malama: Auta, mutane suna tambaya ko za su iya kafa iyakar fili da waya.

Auta: A'a, Yaya. A fili buɗaɗɗe waya tana kuskuren mita 3 zuwa 5, tsakanin gine-gine ko ƙarƙashin itatuwa ya fi haka. A fili mai faɗin mita 20, mita 5 rubu'i ne. Waya ta kai ka bakin wurin, ta gama nata. In za ka ajiye lamba, ka tsaya minti ɗaya ko biyu har shuɗin da'irar da ke nuna inda kake a waya ya tsuke, ka rubuta lambobi biyar bayan ɗigo, ka sake ɗauka sau uku ka gwada su.

Malam: Iyaka kuma turakun siminti ne, born, da igiyar awo, da takarda ta asali. A karkara, tun dokar 1993 akwai hukumomin filaye, kofo, daga ƙauye har zuwa gunduma, su ne ke shaida gona da burtali. Ranar awo a kira maƙwabta huɗu su tsaya. A auna gefe huɗu, sannan a auna daga kusurwa zuwa kusurwa: fili mai 20 bisa 20, in a miƙe yake, kowace tsallake za ta ba da mita 28 da santimita 28. In ɗaya ta fi ɗaya, akwai turken da ya matsa.

Auta: Mun gode, Baba. Mun gode, Yaya. Masu saurare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.