Itatuwan Gonakin Maradi: Wa Ya Dasa Su?

Hoton nan da ke yawo a WhatsApp, na gonakin Maradi cike da itatuwa, an rubuta a ƙasansa wai an dasa itace miliyan 200. Adadin na masu bincike ne, Maradi da Damagaram haɗe, a fili kusan hekta miliyan 5. Amma yawancinsu ba wanda ya haƙa musu rami.

A shekarun fari, 1973 da 1984, iska na kwasar rairayi tana binne hatsi tun yana tsiro, manomi ya koma ya sake shuka. Dashen da aka yi ta yi kuwa, rana da awaki suka gama da mafi yawansa. A 1983 ne Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki nan Maradi a lokacin, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa kowane sassabe tofon tsohon kututture ne, saiwarsa na nan da ranta a ƙasa.

To, ga inda ake kuskure. Wasu na zaton sassaben zamani, wato renon wannan tofo har ya zama itace maimakon a sare shi, shi ne ka ƙyale komai ya tofo. Ɗauki misalin kalgo mai tofo fiye da goma a kan kututture ɗaya. In ka bar su duka rabon abinci za su yi, ba wanda zai yi tsawo. Zaɓi uku zuwa biyar, masu ƙarfi da miƙewa, sauran ka sare. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan gefe har wajen rabin tsawonsu, na sama ka ƙyale.

Ku lura da hannun manomin da ya iya wannan aiki. Addarsa da kaifi, kuma daga ƙasa zuwa sama yake sara. In ka sauke adda daga sama, reshen kan ja ɓawo ya yage jikin itacen, ta nan ruɓa ke shiga. Tsumman da yake ɗaura wa tofon saƙo ne ga masu neman makamashi: wannan yana da mai shi.

In gawo ka samu, ka dace. Da damina yake zubar da ganye, bai tare wa hatsi rana, da rani kuma bisashe su ci ƴaƴansa.

Ni dai ba na ƙin dashen 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa a Nijar, amma a nuna mini mai ba shi ruwa a watan Afrilu. Kututture bai neman bokiti. Abin da yake so ka dawo bayan ƴan watanni, domin sabon tofo zai fito, ka sake rage shi.