Yarinyar da ta ci tsere da doki ba linzami

Jama'a ku hango filin tseren zagaye duro a ranku, duro uku ne aka jera kamar murhu, mahayiya za ta shigo a sukwane ta zagaye na farko, ta tsallaka ta zagaye na biyu, ta nufi na uku can ƙarshe sannan ta saki doki ya dawo bakin ƙofa. Duka-duka abin sakan 14 ne ko kusa da haka a babbar gasar rodiyo, wato wasannin makiyaya a kan doki, ta Las Begas a Amurka, kuma in kika ture duro ɗaya a ƙara miki sakan 5, shikenan an gama da ke.

To a wannan wasan babu macen da ta kai Charmayne James. An haife ta 1970, ta tashi a garin Clayton na jihar Niyu Meziko inda babanta ke da wurin kiwata shanu. Dokin da take tsere da shi ya karye a ƙafa, sai a 1982 aka saya mata wani a hannun wani makiyayi kan dala 1,100, dokin da ya taɓa kayar da mutum har sai da aka kwantar da shi asibiti, kowa tsoronsa yake. Ita kuwa 'yar shekara 12 ta haye abinta ta sa masa suna Scamper.

1984 tana da shekara 14 ta zama gwarzuwar duniya. Ta sake, ta kuma sakewa, shekara goma cur a jere har 1993, duk da doki ɗaya fa.

Amma ni wanda ya fi tsaya min a rai shi ne daren 13 ga Disamba 1985. Suna shigowa fili igiyar kan dokin ta tsinke, linzami ya rage a bakinsa kawai ba abin da ke riƙe da shi, duk wanda ya taɓa hawan sallah ya san doki a guje ba linzami sai dai addu'a, amma Scamper ya cije ƙarfen nan ya zagaye duro na ɗaya, na biyu, wajen na uku ya tofar da shi, yarinya ba ta da komai sai igiya a wuyansa da ƙafafunta. Kuma wallahi su suka ci zagayen ranar.

A 1990 ta zama ta farko a wasan da ta tara dala miliyan 1. Masu cewa ai dokin ne ba ita ba, 2002 ta ba su amsa, ta ɗauki kambu na 11 da wani dokin daban, Cruiser, ta ajiye gasa a 2003.

Scamper dandaƙaƙƙe ne ba ya haihuwa, don haka a 2006 ta biya aka kwafi ƙwayar halittarsa aka samu ɗan dukushi, ta sa masa Clayton sunan garinsu. Shi kuma tsohon ya mutu 4 ga Yuli 2012 yana da shekara 35.