Rana ce ke tsara cin abinci a waje a Sakkwato

Ƙarfe 2 na rana, watan Afirilu, titin Ahmadu Bello a cikin garin Sakkwato. Ku duba yadda hanya ta yi tsit. 'Yan kabu-kabu sun fake a gindin dogon yaro, masu shaguna sun kishingiɗa, zafi ya haura digiri 40. Baƙon da ya sauka a tasha yanzu da yunwa zai iya rantsuwa cewa ba a cinikin abinci a garin nan. Ana yi, sosai ma. Lokacin ne bai sani ba. A Sakkwato, abin da za ka samu ka ci a waje, da wurin da za ka same shi, har da kuɗin da za ka biya, duk suna bin tafiyar rana.

Mu koma asuba. Kafin a fito daga masallaci mai masa ta riga ta ɗora tanda. Tun jiya ta jiƙa shinkafa, ta kai markaɗe, ta sa yis, ta bar ƙullun ya kwana ya tashi. A lokacin bazara ƙullu ba ya jira: zafi na sa shi ya yi tsami da wuri, shi ya sa za ka ga tana ɗiga masa ruwan kanwa, shi ya sa kuma take son ta sayar ta tashi kafin hantsi. Wanda ya zo ƙarfe 10 yana cewa "Inna, a zuba mani masa," sai dai ya samu gindin kwano. Mai koko da ƙosai ma haka take. Da rana ta ɗaga, babu mai sha'awar tsayawa kusa da kaskon mai.

Daga azahar zuwa la'asar kuwa, sarautar gari ta fura ce. Ko in faɗa yadda mutanen garin ke faɗa, hura. Idan Basakkwace ya tambaye ka "mi kaka so, hura ko tuwo?" a irin wannan lokaci, ka ce hura, za ka gode mani. Gero ne da citta da kanumfari da masoro, a dafa, a kirɓa, a cura, sannan a dama da nono. A da ƙwarya ce da ludayi, Bafulatana na damawa kana kallo. Yanzu akwai shagunan da ke markaɗa ta da inji, su zuba kindirmo, wasu har da dabino da kwakwa. To amma abin da ke yanka farashi a shagon fura ba gero ba ne kaɗai. Ƙanƙara ce. Ƙanƙara na son wuta, idan babu wuta sai janareto, janareto kuma na shan mai. Ranar da unguwa ta kwana a duhu, kofin fura mai sanyi ya fi na jiya tsada, alhali geron nan dai shi ne.

Wannan lissafin ne ke bayyana mana gidajen abinci na zamani, waɗanda ke da ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Dafa-duka, soyayyar shinkafa, kaza, shawarma, askirim. Masu zuwa galibi ma'aikata ne, da 'yan kasuwa, da ɗalibai, musamman na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka kafa a 1975. Mutum zai ce farantin shinkafa ya yi tsada, ya ninka na mai tuwon bakin kasuwa. Gaskiya ne. Sai dai rabin abin da ka saya iska ce mai sanyi da kujerar da za ka huta awa guda. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Wasu gidajen suka koma sola, wasu suka rage girman yankan nama, wasu suka kashe na'urar sai da baƙi sun cika. Ni dai in don daɗin miya ne, har yau ban ga wanda ya kamo tuwon shinkafa da miyar kukar matan nan na kusa da Babbar Kasuwa ba. Zufa kawai za ka haƙura da ita.

Bayan magariba gari ke farkawa karo na biyu. Daga Mabera zuwa Runjin Sambo, daga Gawon Nama zuwa Arkilla, hayaƙin tukuba ne ko'ina. Tsire, balangu, gasasshiyar kaza, kifi. Nama bai yi wa Sakkwato nisa ba: ga kasuwar Kara, ga shanun Gudali, ga jar akuyar da fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Albasar da ake barbaɗa maka ma 'yar gida ce, daga fadamun Rima, wajen Wurno da Goronyo. Ana girbe ta da rani, ta yi arha, idan damina ta shigo ta fara ruɓewa a rumbu sai ta yi tsada. Ba sai ka je kasuwa ba, ka kalli hannun mai tsire. Idan yana yanka albasa siririya kamar takarda, ka san inda farashi ya kai.

Kilishi shi kaɗai ne zafin nan ya yi wa rana. A feɗe nama fale-fale, a shanya ya bushe cikin 'yan sa'o'i, a tsoma cikin labu na gyaɗa da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna shi ga wuta.

Za ku lura yawancin waɗanda ke zaune a benci maza ne. Mata suna ci, amma da kunya ba kowace ce za ta zauna a bakin titi ba. A da yaro ake aika da kula. Yanzu ta WhatsApp ake yin oda, ɗan kabu-kabu ya kai har ƙofar gida, kuma matan aure da yawa daga ɗakin girkinsu suke sayarwa ba tare da sun buɗe shago ba. Biyan kuɗi ma ya canza tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da mai tsire ya koyi cewa "Alhaji, dakata, alat bai shigo ba."

Idan azumi ya kama, duk tsarin nan sai ya tattare ya koma tsakanin buɗa-baki da sahur. Da hunturu kuma, wajen Disamba da Janairu, mai fura ke hamma, mai shayi ke cin kasuwa. Ga shi nan ƙarfe 11 na dare, butarsa na tafasa a kan gawayi, yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, wani na jiran Indomie da ƙwai biyu, sauran sun ja hula sun rufe kunne, ana ta gardamar ƙwallo.