Gadon da ke Tuna Inda Ya Fito

A shekarar 1984 masu bincike a wurare biyu, kowa da nasa ɗakin gwajin, suka yi aiki iri ɗaya da ɓeraye: Azim Surani a Kambirij ta Ingila, Davor Solter da James McGrath kuma a Filadelfiya ta Amurka. Suka ɗauki ƙwan ɓera da maniyyi ya riga ya shiga, suka zare rabon gadon halitta da uba ya bayar, suka sa rabon uwa na biyu a gurbinsa. Wasu ƙwayayen kuma suka ba su rabon uba biyu, babu na uwa. A ƙirge babu abin da ya ragu, amma ko ɗaya bai kai ga haihuwa ba. Mai uwa biyu, tayin ya fara siffa daidai gwargwado, mabiyiya ta tsumbure. Mai uba biyu kuwa, mabiyiya ta bunƙasa, tayin ya kasa. Ashe rabon uwa ba ya tsayawa a madadin na uba.

Kowannenmu yana ɗauke da kuromosom, wato ƙunshin gadon halitta da ke cikin ƙwayoyin jiki, guda 46, 23 daga uwa, 23 daga uba, a cikinsu akwai ƙwayoyin gado kusan 20,000. Galibinsu kwafi biyu ne, kuma duka biyun suna aiki. Amma akwai wasu 'yan tsiraru, tsakanin 100 zuwa 200, da kwafi ɗaya kaɗai ke magana, ɗayan an rufe masa baki. Wanda za a rufe wa bakin ya danganta ne da wanda ya bayar da shi.

To yaya jiki ke gane na wane ne? Ku tuna rubutun ajami: baƙaƙen suna nan yadda suke, wasali da ɗaurin da aka ɗora musu ne ke sauya karatu. Haka DNA, sinadarin da aka rubuta gado a kansa, take. Baƙaƙenta huɗu ne, A, T, G da C, sai a manna wa C wani ɗan sinadari mai suna metil, karbon ɗaya da haidurojin uku. Rubutun bai canza ba, karatun ya canza. Wannan fanni shi ake kira efijenetik, alamar da ƙwai ko maniyyi ke zuwa da ita kuwa mu kira ta tambarin iyaye.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ana goge tambarin a kowace zuriya. Namiji yana ɗauke da kuromosom ɗin mahaifiyarsa da tambarinta a duk jikinsa, amma a ƙwayoyin da za su zama maniyyinsa sai a share komai a sake bugawa. Abin da ya karɓa da sunan uwa, da sunan uba zai miƙa wa ɗansa.

A 1991 aka gano na farko-farkon ƙwayoyin gado masu tambarin a ɓera. Ɗaya daga cikinsu, Igf2, tana sa tayi girma, kuma kwafin uba ne ke aiki. Idan aka lalata shi, sai a haifi ɗan ɓera da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin 'yan'uwansa. Igf2r, wadda Denise Barlow ta gano tambarinta, aikinta shi ne ta kama sinadarin da Igf2 ke samarwa ta rusa shi, kuma ita kwafin uwa ne ke aiki. Ɗaya na turawa, ɗaya na ja. Masanin halittu David Haig ya ce ba banza ba: amfanin gadon uba ɗan da ke ciki ya tsotsi iya tsotsa, amfanin gadon uwa a rage wani abu saboda 'ya'yan da ke tafe. Ana muhawara a kan wannan bayani har yanzu, sai dai ya dace da abin da ake gani: dabbobi masu shayarwa da ke ciyar da tayi ta mabiyiya suna da tambarin, tsuntsaye masu saka ƙwai ba a same shi a cikinsu ba.

Ga inda maganar ta shafi mutane kai tsaye. A kuromosom na 15 akwai wani ɗan yanki. Idan na uba ya ɓace, yaro yana samun lalurar Prader-Willi: jariri mai laushin jiki da ba ya iya tsotso sosai, daga baya kuma yunwar da ba ta jin ƙoshi. Idan na uwa ne ya ɓace a wannan wuri dai, lalurar Angelman ce, wadda likita Harry Angelman ya bayyana a 1965: jinkirin ci gaba mai tsanani, rashin magana, farfaɗiya, da yawan dariya. Babu laifin uwa, babu na uba, don akasari haka kawai abin ke faruwa tun kafin a san an samu ciki.

A lalurar Angelman, ƙwayar gadon da ta rasa aiki ita ce UBE3A. Kwafin uba yana nan lafiya ƙalau a ƙwaƙwalwar yaron, an dai rufe masa baki ne. Shi ya sa yanzu ake gwada magunguna a kan masu lalurar, waɗanda aikinsu kawai su kwance wannan ɗauri, kwafin uban ya fara magana.