Darasi: Damun kunu ga yaro mai galahanga da ke ƙin abinci

Assalamu alaikum iyaye mata, sannunku da ƙoƙari. Yau kunu za mu dama, na yaro mai lalurar galahanga, wato autism, wanda ya kafe a kan abinci ɗaya ko biyu. Ba taurin kai ba ne. Gudajin da ke ba za ki ma lura da shi ba, shi a bakinsa kamar tsakuwa ne, shi ya sa yake yunƙurin amai.

To, ga ƙullun gerona, na san kowa ta iya surfe da niƙa. Ga kuma garin waken suya, an soya, an cire ɓawon, shi ne sabon abin da za mu ƙara masa a kunun. Rabin ƙaramin cokali kawai zan zuba. Kai, wannan ma ya yi yawa, bari in rage. A ranar farko, ɗan abin da ya taɓa bakin cokali ya isa.

Yanzu ku matso ku ga wajen tata, nan ne aikin yake. Kada ki barbaɗa garin a kan kunu mai zafi, dunƙulewa zai yi. A ƙullun za ki kwaɓa shi tun da sanyinsa. Ki tace da rariya, ki sake tacewa da farin ƙyalle mai laushi. Sai ki murza ɗan kaɗan tsakanin yatsunki biyu, kun gani? Idan kin ji ɓarɓashi, ko ƙanƙani ne, maimaita. Ni ƙyalle na fi so, don rariyar roba tana barin dusa ta wuce. In kina sauri, tace da yawa ki ajiye a firji. Kuma da ya dahu kada ki bar shi a buɗe ya yi fata a sama, wannan fatar kaɗai tana iya sa yaro ya ture kofin.

Kofinsa na kullum, cokalinsa na kullum, ɗumin da ya saba. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Akwai wata baiwar Allah da ta zo wajena da kuka, rana ɗaya ta zuba madara da garin kifi da dabino, yaron ya daina shan kunun ma baki ɗaya. Ƙamshin kifin ne ya kore shi. Yara da yawa sai an gabatar musu da sabon abu sau 10 zuwa 15 kafin su karɓa, masu galahanga kuwa sukan wuce haka. Ban da ɗure, don Allah.



Sai maganar da ake ta yaɗawa a WhatsApp, wai a hana yaro alkama da madara zai warke. Bincike bai tabbatar da hakan ba. Yaron da burodi da shayi kaɗai yake ci, ki hana shi su, me ya rage masa? Madara kuma ita ke ba ƙashinsa sinadarin kalsiyam. Idan kin ga kumburin ciki, ko ƙuraje, ko bahaya na masa wuya, ko dasashinsa na jini, ko yana ramewa, likitan yara za ki kai shi ya duba kafin ki cire komai.

To, ruwa ya tafasa, ku ga yadda nake zubawa a hankali ina juyawa, hannu ba ya tsayawa har sai ya yi kauri.