Fodkas daga Garwa: Wa zai sauƙaƙa wa mai ciwon ajali?

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da war haka. Malam Sani, a watan Mayun 2025 majalisar wakilan Faransa ta amince da ƙudirin da zai ba wanda likitoci suka fid da rai da warkewarsa damar neman a taimaka masa ya mutu. Maganar ta iso har majalisun shayi.

Malam Sani: Ai Holan da Beljiyam sun riga su tun 2002. Mu nan Kamaru babu dokar da ta halatta, ko da marar lafiyan ne ya roƙa da bakinsa. Addini ma ya hana, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta ce kada ku kashe kanku. Amma cire wa marar lafiya na'urar numfashi daban ne. A 1986, a Amman, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta ce idan ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya, likitoci suka tabbatar, ya halatta a cire na'urar numfashi.

Hadiza: Yaya Bintu, ke da kike aikin jinya, na ga kina girgiza kai.

Bintu: Ina girgizawa ne don mu ba na'ura ce damuwarmu ba, Hadiza. Mutum nawa ke kaiwa ga na'urar? Abin da nake gani kullum shi ne tsohuwa mai sankarar mama, ta ciji gefen zaninta don kada jikokinta su ji nishinta. Ɗanta na tsaye da takardar magani, ya sayar da buhunan dawarsa, sefa ta ƙare. Sai ya ce mu sallame ta, gara ta cika a ɗakinta. Mu ba su farasitamol su tafi. Wallahi ciwon daji ya fi ƙarfin farasitamol.

Malam Sani: To mofin fa, maganin nan mai ƙarfi na rage raɗaɗi?

Bintu: Samunsa wuya, kuma har ma'aikata tsoronsa suke ji. A Yuganda kuwa na ruwa suke haɗawa, a sha a gida, kuma tun 2004 suka ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi. Wannan dokar nake so.

Hadiza: Malam, akwai laifi a addinance idan an ba marar lafiya mofin?

Malam Sani: Babu, matuƙar niyyar rage raɗaɗi ce, likita kuma ya auna. Har ya samu natsuwar yin kalmar shahada.

Bintu: To ku faɗa a huɗubar Juma'a, Malam. Dangi da yawa ƙin allurar mofin suke yi, suna zaton ita ke kashewa.