Charles Parsons da Farfelar da Ke Tafasa Ruwan Sanyi

Tun da muka saki bidiyon jiragen ruwa, tambaya ɗaya ke ta dawowa: in an ƙara wa inji ƙarfi, ai dole jirgi ya ƙara gudu, ko? To, ku ga abin da ya sami Charles Parsons, wani injiniyan Birtaniya.

A Landan aka haife shi a 1854, ɗan babban gida ne. Ya karanta lissafi a Kambirij, sannan ya shiga masana'antar Armstrong ta Newcastle yana koyon aiki, hannu dumu-dumu da baƙin mai. A 1884 ya ƙera injin da tururi ke hura fukafukansa, mai juyawa sau 18,000 a minti ɗaya. Bayan shekara goma ya ɗora irinsa a wani siririn jirgi mai suna Turbinia.

Ga jirgin nan a ruwa. Inji na ta ruri, amma gudun bai wuce kilomita 37 a awa ba.

Nan ake rikicewa, ku biyo ni a hankali. Ba wuta kaɗai ke tafasa ruwa ba. Ku dubi sirinjin nan. Ruwan ɗumi ne a ciki, na toshe bakinsa da yatsa, na ja. Kun ga kumfa na tasowa? Matsi ne ya ragu, shi ke nan ruwan ya tafasa. To haka farfela ke yi in juyinta ya wuce kima. A gefe ɗaya na kowane fiffike matsin ruwa yakan faɗi ƙasa warwas, ruwan sanyi ya zama tururi, sai ta koma dukan kumfa maimakon tura ruwa. Kamar taya ce cikin taɓo, tana ta juyi, mota na tsaye. Kumfar kuma in ta fashe har ƙarfe take ci. Ga ramukan nan da take bari a jikin farfela.

Abin da ya fi burge ni, Parsons bai ɗora wa injinsa laifi ba. Ɗan tanki mai tagar gilashi ya haɗa, ya zauna yana kallon kumfar da idonsa. Sai ya raba nauyin: sandunan juya farfela uku, farfela tara. Gudu ya kai kusan kilomita 64 a awa.

A 1897, ranar faretin jiragen yaƙi a Spithead, gaɓar tekun kudancin Ingila, na cikar Sarauniya Biktoriya shekara 60 bisa mulki, Turbinia ta ratsa tsakanin sahu kamar kibiya, aka rasa mai kamo ta. Zuwa 1906 irin injinsa ne a cikin Dreadnought, babban jirgin yaƙin Birtaniya.

A cikin jirgin ruwa ya rasu, a tashar Kingston ta Jamaika, 1931. Turbinia kuwa tana nan a gidan tarihi a Newcastle.